Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Ciyawar Ƙawa Yin Rawaya

Ciyawar ƙawa, wato irin su kiri-kiri da ake shukawa a farfajiyar gida ana aske su lokaci-lokaci, takan yi tabon rawaya saboda dalilai dabam-dabam da ba a iya bambancewa daga nesa, shi ya sa gaggawar zuba taki da masu gida kan yi take yawan ƙara ɓarna.

Bincike yana farawa ne da duban siffar tabon. Idan rawayar ta game filin baki ɗaya da hunturu, to sanyi da bushewa ne suka tsayar da girman ciyawar, kuma za ta farfaɗo. Ƙaramin tabo mai da'ira, wanda tsakiyarsa ta ƙone amma bakinsa ya yi kore shar, yana nuna fitsarin kare ko inda taki ya zube da yawa, domin naitirojin, sinadarin da ke sa ganye kore, yana ƙona saiwa idan ya wuce kima, takin yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne.

Daga nan sai a damƙi ciyawar a ja, kuma wannan gwajin ya fi sauran fayyace lamarin. Idan ta taso ba wuya kamar an ɗaga tabarma, gwazarma ko gara sun cinye saiwar, kuma ana ganinsu da zarar an ɗan tona ƙasa. Saiwar da ta yi baƙi tana wari ta ruɓe ne saboda ruwan da ya kwanta. Idan kuwa saiwar fara ce mai ƙarfi, sai a soka ƙarfe a wurin, domin in ya ƙi shiga, ƙasar ta daskare ko an binne ɓaraguzan gini a ƙarƙashi, abin da ya yawaita a sababbin gidaje.

Ganyen ma ana dubansa kusa da kusa, domin ƙarancin naitirojin yana farawa daga tsofaffin ganye, ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma daga sababbi, waɗanda jijiyoyinsu ke nan da korensu. Inda aka ga ganye a gaigaye, ana kwara ruwan sabulu a bakin tabon, cikin minti 10 tsutsotsin da ke ɓoye za su fito fili, sannan a zaɓi maganin da ya dace da su.