ECOWAS da Tarayyar Turai: Ciniki a Gidan da Kansa Ya Rabu

1.0 Gabatarwa

Manomin Dambatta ko Bichi ba ya barin gonarsa ta huta. Kowace shekara yana zuba mata takin gida, yana haɗa gero da dawa da wake a fili ɗaya. Abin da ya ragu bayan an cika rumbu kasuwar Dawanau yake nufa, daga nan ya haura Maraɗi ko ya gangara tashar jiragen ruwa ta Legas. Wannan darasi zai duba yadda tattaunawar ciniki tsakanin ECOWAS da Tarayyar Turai ta shafi wannan manomi.

1.1 Asalin Tattaunawar

Tun daga yarjejeniyar Lome ta 1975, kayan ƙasashen Afirka suna shiga Turai da rangwamen haraji, ba tare da an nemi su ma su yi wa Turai rangwame ba. Wannan ya saɓa wa dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, don haka yarjejeniyar Kotonu ta 2000 ta tanadi a ƙulla sabuwa, wadda kowane ɓangare zai buɗe kasuwarsa. An fara zama da Afirka ta Yamma a 2003, aka sa ƙarshen 2007 a matsayin wa'adi.

1.2 Dalilin Rabuwar Kai

Turai ta zo da baki ɗaya, ta tarar da bakuna iri-iri. Ƙasashe irin su Nijar, da ke cikin jerin marasa ƙarfi, kayansu dama suna shiga Turai ba haraji, saboda haka ba abin da ya tsananta musu. Gana da Kwaddibuwa kuwa sun ji tsoron a ɗora wa kayan koko da ayaba da kifin gwangwaninsu haraji, sai kowacce ta amince da tata yarjejeniyar wucin gadi a Disamba 2007. Ita Nijeriya, mafi yawan abin da take sayar wa Turai ɗanyen mai ne, wanda ba ya bukatar rangwame, amma tana da masana'antun da kayan Turai masu araha za su iya durƙusarwa. Da aka kammala yarjejeniyar yankin a 2014, wadda ta nemi a buɗe kashi 75 cikin ɗari na kasuwa a tsawon shekara 20, Nijeriya ta ƙi sa hannu, yarjejeniyar kuma ba ta fara aiki ba. Hujjarta tana da ƙarfi, musamman ga wanda ya ga masaƙun Kano a rufe.

Sai dai haraji ba shi kaɗai ne ƙofa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a wurin ajiya. Wannan ya fi kusa da rumbun manomi fiye da duk abin da aka yi gardama a kansa a Burasel.

Daga baya ɓarakar ta ƙaru. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris 2024, fatake suka yi watanni hanyar Maraɗi a toshe. A ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS.

1.3 Auna Fahimta

Me ya sa Gana ta yi gaggawar da Nijar ba ta yi ba a 2007? Ɗalibi ya yi bayani, sannan ya nuna yadda zai koyar da ma'anar "rangwamen haraji" da misalin buhun wake.