Injinka lafiya lau, sigogi ne ba sa jituwa

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu furojet ɗin injin sassaƙa na CNC, ga matsalar da ke cinye mako guda a banza. Ka rubuta ɗan modul naka don LinuxCNC, misali wanda zai tsayar da inji idan an buɗe murfinsa. Da ka kunna, sai manhajar ta ƙi tashi, ta jefo maka undefined symbol. Ni dai shawarata, kada ka taɓa rubutunka tukuna. Galibi rikicin siga ne.

Modul kamar riga ce da tela ya ɗinka a jikin mutum ɗaya. Wanda aka harhaɗa a kan LinuxCNC 2.8 ta 2020 ba lallai ya shiga 2.9 ta 2023 ba. Ga yadda nake bin sawun matsalar.

Na farko, buga dpkg -l | grep linuxcnc. Lambar linuxcnc-uspace da ta linuxcnc-uspace-dev dole su zama ɗaya. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, abin da ba baƙo ba ne gare mu a Daura, ɗaya na iya wucewa ya bar ɗaya. Gyara da sudo dpkg --configure -a, ka ƙarasa sabuntawar.

Na biyu, buga which halcompile. Wasu kwamfutocin suna ɗauke da LinuxCNC biyu: wadda aka girka da wadda aka gina a cikin folda. In ta foldar kake amfani da ita, loda scripts/rip-environment kafin harhaɗawa, kuma ban da sudo. In ba haka ba, ka yi wa wannan ɗinki, ka ba waccan ta saka.

Na uku, idan aboki ya turo maka modul daga Kano ko Zariya, kada ka karɓi fayil mai .so, don an riga an ɗinka shi. Nemi mai .comp, ka harhaɗa da kanka da halcompile --install.

Na huɗu, in modul ɗin na Python ne, ka tuna 2.8 da Python 2 take aiki, 2.9 kuwa da Python 3. Tsohon print marar baka kaɗai ya isa ya tsayar da komai.

Bayan gyara, cire wutar motoci, ka gwada da halrun da loadrt. Modul mai tsayar da inji, yatsun mutum yake karewa, ba a gwajinsa da ruwan yanka yana juyawa.

Ranar da komai ya yi aiki, rubuta lambobin sigogin a littafinka, ka kwafe fayilolin a filashi. Daga nan har ka kare furojet ɗinka gaban malamai, ko wa ya ce ka sabunta, ce masa sai bayan difens.