Awon Jini ga Mai Kumburin Jijiyoyin Jini

Akwai kumburin da ido ba ya gani, wanda ke kama bangon jijiyoyin jini. Garkuwar jiki ce da kanta take far musu, hanyar jini ta tsuke, ƙoda ko ido ko huhu su rasa rabonsu. Nau'in da ake kira Takayasu ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40. Na jijiyar gefen goshi kuwa sai an haura 50, kuma yana iya makantarwa.

Da awon jini likita ke bin sawun cutar. A awon ESR, ana zuba jini cikin siririn bututu, a jira awa 1, a duba milimita nawa jajayen ƙwayoyi suka kwanta. In kumburi ya motsa, suna saurin kwanciya. CRP kuwa sinadari ne da ake aunawa a jini, hanta ke yin sa. Yana tashi cikin 'yan sa'o'i, ya sauka da wuri in magani ya karɓa, alhali ESR na iya ɗaukar makonni. Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka ma suna ɗaga su, sikila tana rage ESR, shi ya sa fassarar takardar aikin likita ce. Ana haɗawa da awon yawan jini, da na ƙoda, da na fitsari.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda ake asarar mutane shi ne ranar da aka ji sauƙi.

A wani gida, uwar 'ya'ya uku mai wannan cuta ta fara samun ƙarfi, har ta koma daka. Tana neman mayafi za ta asibiti sai ga maƙwabciya ta faɗo, ko sallamar kirki babu.

"Ke 'yar nan, kullum a zuƙe miki jini? Dubi kumatunki, har kin fi da kyau!"

"Goggo, likita ne ya ce in koma."

"Likita zai ba ki kuɗin mota? Ajiye shi ki sai wa yara omo."

Aka yi dariya, mayafi ya koma kan ƙusa. Goggon nan, da ba ta taɓa leƙa ɗakin awo ba, ba ta san kumatun aikin maganin prednisolone da matar ke sha ne ba. Irinta suna nan a kowace unguwa, bakinsu ya fi na likita kaifi.

Kada mai wannan cuta ya bar awo don ya ji sauƙi. Ƙoda tana lalacewa shiru, ba ciwo ba zafi, kuma sau da yawa awo ke fara tona ta kafin ƙafa ta kumbura. Kada kuma ya yanke prednisolone rana ɗaya: wanda ya sha shi fiye da mako 3 ya tsaya kwatsam, jininsa na iya faɗuwa har ya suma. Likita ke rage shi kaɗan-kaɗan, yana duba awo.

Maigida ya ware kuɗin mota tun ana saura mako, a tafi da tsofaffin takardu don a gwada da sababbi. Ko jiki ya yi garau, ranar awo a je awo.