Kafin Ka Ɗaure Kaya, Ka Waiwayi Masu Bin Ka Bashi

A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga unguwa a Kano, ko Kaduna, ko Sakkwato, ba ka ji an ce wane ya tafi Saudiyya neman aiki ba, wance ta bi mijinta Ingila, ɗan gidan wane ya sami gurbin karatu a Masar. Fita neman halal ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun zamanin da fatake ke bin hanyar Gwanja. Abin da ya sa muka rubuta wannan takarda shi ne wani sashe na shirin tafiya da matafiya ke mantawa, ko kuma suke yi kamar sun manta. Za ka ga mutum ya yi fasfo, ya sami biza, ya yi gwajin asibiti, har tsarabar da zai kai ya tanada, amma wasiƙar da banki ya aiko masa tana ƙarƙashin katifa bai buɗe ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba wanda za a zarga don ana bin sa. Laifin yana wajen sulalewa ba sallama.

Bari mu fara da bashin banki, domin a nan ne mutane suka fi ruɗar kansu. A da, mutum kan ci bashi a wannan banki, ya daina zuwa, ya buɗe asusu a wancan, shi ke nan. Wannan zamani ya wuce. Tun daga 2014 aka fito da lambar BVN, wadda ta ɗaure duk asusun mutum da zanen yatsunsa. Daga 1 ga Agusta 2020 kuma Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI. Ma'anarsa, ranar da ka sa hannu a takardar rance, ka ba da izini in ka kasa biya, bankin ya bi lambarka ya ɗebi haƙƙinsa daga kowane asusu naka, ko a wane banki yake. Mutane da yawa sun sa wannan hannu ba su karanta ba.

To, dubi yadda abin ke faruwa. Mutum yana Riyad, ya yi wata uku yana matse bakin aljihu, ya turo kuɗin haya da na makarantar yara cikin asusunsa na wani banki daban, ya bar wa matarsa kati. Ta aiki yaro wurin mai POS, mai POS ya saka kati sau biyu, ya ce a gaya wa Hajiya babu kuɗi a ciki. Ta kira mijin tana kuka, a zatonta 'yan damfara ne. Alhali tsohon bashi ne ya zo ya ɗauki nasa, a ranar da ba a shirya masa ba. Wannan ya shafi musamman waɗanda suka karɓi rancen korona ta hannun bankin NIRSAL a 2020, da manoman da suka shiga shirin rancen noma na Anchor da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. An yi ta cewa wai kuɗin gwamnati ne, rabon kowa ne daga arzikin ƙasa. Masu wannan magana ba su taimaki kowa ba. Rance ne, a rubuce yake, kuma da sunanka.

Ban da wannan, akwai kamfanoni uku masu lasisi da ke ajiye tarihin masu cin bashi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, ƙarƙashin dokar da aka yi a 2017. Wanda aka shigar da sunansa cikin waɗanda suka gaza biya, ranar da ya dawo gida ya nemi jarin buɗe shago ko rancen sayen mota, wannan tarihi ne zai fara yi masa sallama. Kowa yana da damar neman rahotonsa ya gani da idonsa. Yana da kyau matafiyi ya yi haka, domin wani lokaci akan tarar da bashin da aka biya tuntuni ba a goge shi ba.

Idan takardar gargaɗi ta zo maka, kada ka yage ta, kada kuma ka ce wa yara su ce ba ka nan. Takardar gargaɗi ba hukuncin kotu ba ce, sanarwa ce cewa ka saɓa lokacin biya, ga adadin da ake nema, ga wa'adin da aka ba ka kafin a ɗauki mataki. Ka karanta ta da kyau, in da Turanci mai nauyi ce ka kai wa wanda ya iya. Ka je banki da ƙafarka ka nemi cikakken lissafi: nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwa, nawa ne tarar jinkiri. In ka ga abin da bai yi daidai ba, ka rubuta ƙorafi, ka sa su buga hatimi a kan kwafinka, ka ajiye. In ba su warware ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, can ake ɗaukaka ƙorafi. In kuwa lissafi daidai ne amma ƙarfinka bai kai ba, ka faɗi gaskiya cewa tafiya za ka yi, ka nemi a sake tsara maka biya kaɗan kaɗan. Sau da yawa banki ya fi son wanda zai riƙa biya a hankali a kan wahalar shari'a. Duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta shi. Alkawarin baki na ma'aikacin banki yana ƙarewa ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Ranar da ka gama biya kuma, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai.

Wanda ya yi kunnen uwar shegu, abin da ke biyo baya shi ne sammaci. Wasu na ganin tunda ba sa ƙasar, shari'a ba za ta yiwu ba. Kotu tana da ikon ba da umarni a liƙa sammaci a ƙofar gidan da aka san mutum da shi, ta saurari mai ƙara, ta yanke hukunci a bayan idonsa. Daga nan sai riƙe asusu, sai gwanjon abin da aka ba da jingina, ko fili ne ko gidan da iyali ke ciki. Wanda ya bar wa mai bashi cekin banki alhali ya san babu kuɗi a asusun, shi nasa ya wuce rigimar bashi, ya zama laifi, dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu a kansa.

Sai maganar wanda ya tsaya maka. Wannan ita ta fi ci mana rai, domin a nan ne zumunci ke lalacewa. Abokin aikinka ne, ko yayanka, ko maigidanka na kasuwa, ya sa hannu don ya yarda da kai, bai ci ko sisi daga cikin kuɗin ba. Ran da ka hau jirgi, shi za a nema, kuma doka tana bayan mai nemansa. Gaskiya ne dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana a kama wani a madadin wani, sun kuma hana kama mutum a kan bashi zalla. Iyalin matafiyi su san wannan, kada a tsorata su da caji ofis. Haka nan masu ba da rance ta manhajar waya, waɗanda ke aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar mutum, hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta haramta musu wannan, ana kuma kai mata ƙara. Amma ka tambayi kanka: wace doka ce za ta cire wa dattijo kunyar da ya ji, ranar da mai bashi ya tare shi a ƙofar masallaci bayan sallar asuba yana tambayar ina ɗansa? Kafin ka tafi, ka zauna da wanda ya tsaya maka, ka gaya masa ranar tafiya da saura nawa, ka bar masa abin da zai riƙe.

Bashin da ba na banki ba shi ya fi yawa, shi kuma aka fi rainawa. Yadin da aka ɗauko a Kantin Kwari a kan za a biya in an sayar, katan-katan na kayan masarufi daga kasuwar Singa, littafin mai shagon unguwa, ragowar kuɗin haya, kuɗin wutar da ya taru wanda zai faɗa kan mai gida. Ga adashi: mutum ya roƙi uwar adashi a ba shi ɗaukar farko don ya biya ejan mai shirya masa tafiya, ya kwashe, ya bar mutum tara suna zubi. Waɗannan ba su da lauya, ba su da BVN ɗinka, amana kawai suka riƙe. Addini bai bar wannan a sake ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil, sun ba mai bin bashi damar hana wanda yake bi tafiya idan lokacin biya zai yi ba ya nan, sai fa in ya bar wakili ko wanda zai lamunce masa. Ya tabbata kuma a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Matafiyi bai san inda ƙasarsa take ba. In ta Allah ta kasance a can, magada ba su san wa ke bi ba, wa zai sauke masa?

Masu cin bashi don su yi tafiyar kanta, su yi hattara da alkawarin gaggawa. Ejan zai ce albashi kaza ne, sai mutum ya lissafa da canjin riyal ya ce wata uku ya gama biya. Bai sa kuɗin abinci ba, bai sa yiwuwar jinkirin albashi ba, bai sa rashin lafiya ba. Ka faɗa wa mai ba ka bashi wa'adin da ya ninka abin da kake zato, in ka biya da wuri ka yi abin kirki. Can ɗin ma kada ka saba da cin bashi. A Saudiyya kotu kan hana wanda ake bi fita daga ƙasar, a Ingila kuwa bashin asibitin gwamnati da ya kai fam 500 yana iya sa a hana mutum sabuwar biza.

Mai bin bashi shi ma muna da magana da shi. In mutum ya zo da kansa ya gaya maka zai yi tafiya, ya kawo tsarin biya, ka sassauta masa, domin aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Tsanantawa ce ke koya wa mutane guduwa da dare.

Kai kuma mai niyyar tafiya, ka sami takarda ka rubuta sunan duk mai bin ka, da adadi, da ranar biya, har bashin mai shayi. Ka yi kwafi biyu, ɗaya a jakarka, ɗaya a hannun wakilin da ka amince da shi, a gaban shaidu biyu. In akwai banki ko jingina a ciki, lauya ya rubuta muku takardar wakilci. Layin wayar da ke haɗe da asusunka kada ka bar shi ya mutu, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sayar wa wani, sai saƙon bankinka ya riƙa shiga wayar baƙo. Muna roƙon limamai da masu unguwanni, idan matafiyi ya zo sallama da neman addu'a, su tambaye shi ko ya sallami masu bin sa bashi.