Kafin Ku Danna Sunansa

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a kan benci a ƙofar gida a Kubwa, sai ga ku ku huɗu da waya a hannu. Babbanku ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini ita ya ce, "Baba, don Allah danna mana nan, ƙuri'a ɗaya ce." Na gyara tabarau na duba. Zaɓen gwarzon gasar ƙwallon unguwa ne kuke yi a WhatsApp, sunaye biyar, na ɗan gaban ƙungiyarku shi ne a sama, ya ba na biyu rata mai yawa. Na san yaron, na ci tuwon sunansa. Na kuma san kwamitin gasar ya dakatar da shi kafin wasan kusa da na ƙarshe, bayan an gan shi a bayan aji ya ɓare tramol biyu daga kati ya kora da ruwan leda, shi ma kuma bai musa ba. Na mayar muku da wayar ban danna ba. Na ga ranku ya sosu, ladabi ne kawai ya hana ku ja da ni. Ƙaraminku ya ce cikin sanyin murya, "Ai Baba wannan zaɓen 'yan kallo ne, ba na alƙalai ba. Su sun riga sun hukunta shi, mu wanda muke so muke zaɓa." Kiran magariba ya raba mu kafin in ba shi amsa, kuma maganar ta kwana a raina.

'Ya'yana, abin da ƙaninku ya faɗa ba shirmen yara ba ne. Manya masu furfura sun yi wannan gardamar a Amurka, a kan wasan da suke kira besbol, wanda ake jefo ƙaramar ƙwallo a make ta da kulki. Mu ba wasanmu ba ne, ko da yake an buga shi a nan Abuja a gasar wasannin Afirka ta 2003, wadda dominta aka gina babban filin wasan da yanzu ake kira da sunan Moshood Abiola. A can suna da wasan taurari duk tsakiyar kaka, kuma 'yan kallo ne ke zaɓen mafi yawan waɗanda za su fara bugawa. A watan Mayun 2009 aka dakatar da Manny Ramirez na ƙungiyar Dodgers wasa 50 saboda haramtaccen magani, sunansa kuma na nan a takardar zaɓe, masoyansa suka ci gaba da zuba masa ƙuri'a yana zaune a gida. Bai kai ga cin zaɓen ba, amma hujjarsu ita ce taku sak: hukuma ta yi nata, mu ma a bar mu mu yi namu.

Ni dai na ƙi, kuma dalilina wani mutum ne da ban taɓa haɗuwa da shi ba.

Sunday Bada ɗan sanda ne, ɗan tseren mita 400, wanda ya ci gasar duniya ta cikin ɗaki a Faris a 1997. A Olamfik ta Sidni, shekarar 2000, shi da Clement Chukwu da Jude Monye da Enefiok Udo-Obong suka wakilci Najeriya a tseren miƙa sanda. Duk wanda ya kalla a talabijin ba zai manta da zagayen ƙarshe ba. Udo-Obong, yaro ɗan shekara 18, ya karɓi sanda a baya, ya dinga cinye na gabansa ɗaya bayan ɗaya, har ya faɗa layi a matsayi na biyu. Amurkawa suka hau saman dandamali, aka buga musu taken ƙasarsu, namu suka tsaya a gefe da azurfa a wuya suna murmushi. Shekara takwas bayan haka, a 2008, ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya tsaya a gaban kotu ya amsa da bakinsa cewa yana amfani da magungunan ƙara kuzari a wancan lokacin. Aka ƙwace zinaren. Amma sai a watan Yulin 2012 kwamitin Olamfik na duniya ya tabbatar wa Najeriya shi. Sunday Bada kuwa ya rasu a Legas a watan Disambar 2011, yana da shekara 42. Wata bakwai kacal ya rage.

Ku tsaya ku auna wannan. Mutum ya ci zinare da guminsa, ya rayu shekara goma sha ɗaya ana kiransa mai azurfa, ya koma ga Ubangijinsa ba a gyara ba. Ko waɗanda suka rayu suka karɓa, wa zai dawo musu da wannan daren? Wa zai sake tara musu jama'ar da ta cika filin, a ɗaga tutar ƙasarsu, iyayensu na kallo daga gida? Ana iya aiko wa mutum lambar zinare a akwati. Ranar da aka sace masa ba a aiko ta. Tun daga lokacin, duk sanda aka ce mini wane ya sha ƙwaya ya yi nasara, idona ba ya tsayawa a kansa, sai ya zarce kan wanda ke tsaye a bayansa.

To a jerin sunayen nan naku ma akwai wanda ke tsaye a baya. Na ga sunansa shi ne na biyu: mai tsaron bayan nan da ke koyon ɗinki a bakin kasuwa. In na fito daga masallaci da asuba nakan gan shi yana zagaye filin firamare cikin hazo, takalminsa ɗaya ɗaure da zare. Bai ci ƙwallo ko ɗaya ba a gasar, don aikinsa hana ci ne. Ya buga wasa bakwai da ƙafar da Allah ya ba shi, in ta yi ciwo ya ji ciwon. Kyautar gwarzo guda ɗaya ce. In kun ba wancan, daga hannun wannan kuka karɓe ta, ko kun nufa ko ba ku nufa ba.

Ƙaninku ya ce zaɓen so ne. Amma ku karanta abin da kuka rubuta da hannunku a saman jerin: "Wane ne gwarzon gasar bana?" Ba ku tambayi wa aka fi so ba. Wanda ya danna suna a ƙarƙashin wannan tambayar shaida ya bayar, yana cewa na gani da idona, wannan ya fi kowa, kuma ta halas ya fi su. Kun san matsayin shaidar zur a addininmu, ba sai na tuna muku ba. Ƙanƙantar allon waya da sauƙin dannawa ba su canza sunan abin. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, kuma gaskiya ne, shi ya sa ba a sa uwa ta yi alƙalancin ɗanta. Ku so shi yadda kuka ga dama, ni ma ina son sa. Shaidar ce ba zan ba shi ba a bana.

Kada kuma ku ce ai ƙwaya biyu ce kawai, ba irin ta Turawa ba. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari ta duniya ta sa tramol cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Aikinsa kashe zafi ne. Ciwo ɗan aike ne da jiki ke turowa ya ce tsaya, akwai abin da ya yage. Mai tramol ya rufe bakin ɗan aiken, yana gudu a kan jijiyar da ta tsinke, yana shiga takalmin abokin karawa ba tsoro don ba ya jin komai. Gobe biyu ba za su ishe shi ba. Mun ga masu faɗuwa suna shure-shure kamar masu farfaɗiya, mun kuma ga waɗanda aka kai asibiti ba su dawo yadda suka tafi ba.

Mu 'yan Najeriya mun ɗanɗana abin ta kowane gefe. Blessing Okagbare ta ci tagulla a dogon tsalle a Bejin a 2008, daga baya aka mayar mata da ita azurfa bayan an kama 'yar Rasha Tatyana Lebedeva. Ta san ɗacin a cuce ka. Amma ita ce aka cire daga Olamfik ta Tokyo ranar 31 ga Yulin 2021, tana shirin shiga zagayen kusa da ƙarshe na mita 100, aka yanke mata shekara 10, aka ƙara ɗaya ta zama 11. A Bamingham a 2022 'yan matanmu huɗu suka ci zinaren miƙa sanda a gasar ƙasashe rainon Ingila, muka yi ta murna, sai gwajin ɗaya daga cikinsu, Grace Nwokocha, ya nuna haramtattun sinadarai. Zinaren ya koma Ingila, sauran ukun da ba su ci ba ba su sha ba suka rasa nasu. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Chika Amalaha, mai ɗaga nauyi, da aka ƙwace wa zinare a Glasgo a 2014 tana da shekara 16. Yarinya 'yar shekara 16 ba ta tashi haka kawai ta san maganin da ke rage nauyin jiki kafin awo. Wannan laifin akwai rabon manya a ciki, kuma in na juyo kan yaronku sai in tambayi kaina wa ya fara miƙa masa katin farko, wa ya sayar masa, mu kuma da ke zaune a ƙofar gida ina idonmu yake.

Ba ina koya muku tsanar kowa ba ne, kuma ba kowace dakatarwa ce ke nufin ha'inci ba. A Yulin 2023 aka dakatar da Tobi Amusan na wucin gadi kan zargin kauce wa gwaji sau uku, ita da ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a gudun tsallake shinge shekara guda kafin nan. Mutane suka yi ta yanke mata hukunci a Facebook. A watan Agusta aka wanke ta, kotun wasanni ta duniya ta sake tabbatar da haka a 2024. André Onana da kuke kallo a gidan ƙwallo an dakatar da shi shekara guda a 2021, kotu ta yarda cewa maganin matarsa ya sha bisa kuskure, ta rage zuwa wata tara. Da a ce zargi kawai ake yi wa yaronku, da ni ne farkon mai ce muku ku yi shiru har a bincika. Shi an gani, ya kuma amsa.

Akwai kuma wadda nake so ku riƙe sunanta saboda shi. A 1992 aka dakatar da Chioma Ajunwa shekara huɗu. Ta dage cewa ba da saninta ba ne, amma ta zauna ta cinye wa'adinta. Ta dawo a 1996, ta je Atlanta, tsallenta na farko a wasan ƙarshe ya kai mita 7.12, babu wadda ta kamo ta. Ita ce ta fara ciyo wa Najeriya zinaren Olamfik, kwana ɗaya kafin 'yan ƙwallonmu su doke Ajantina. Daga baya ta shiga yawon gargaɗin matasa kan ƙwaya. Da za a kawo mini waya yau a ce in zaɓe ta, zan danna ba tare da wani ɗar ba, domin abin da zan shaida shi ne tsallen 1996, wanda aka gwada aka samu tsaf. Su ma Amurkawan haka suka yi da ɗan besbol Fernando Tatis, wanda aka dakatar wasa 80 a 2022: ya gama, ya dawo, a 2024 'yan kallo suka zaɓe shi. Ban ga aibu a wannan ba. Aibun shi ne a ɗora wa mutum rawani yana tsakiyar biyan bashi, kuma a kan aikin da ya jawo bashin.

Wani lokaci nakan je gidan damben Dei-Dei da safiyar Lahadi. In ɗan dambe ya yi kisa, makaɗi ya ɗauki kirarinsa, masu kuɗi suka fito suna liƙi a goshinsa, ni wajen yaran da ke tsugune a bakin fili nake kallo, masu riƙe wa manya ruwa da zare. Ba sa ƙifta ido. Duk abin da suka ga jama'a ta yi wa liƙi, shi za su je su nema, ta kowace hanya. Haka ƙannenku suke a bakin filinku. Sun san dalilin dakatar da shi, sun fi ku sanin bayan ajin nan. In ranar rufe gasa suka ga an kira shi an miƙa masa kofi ana tafi, hukuncin kwamiti ya tashi a banza, kuma mai kemis ɗin da ke sayarwa a ɓoye ya samu sababbin masu saye.

Ga abin da nake roƙonku. Ku je wurin kwamiti ku ce a cire sunansa daga zaɓen bana, kuma ku ne ya kamata ku faɗa, ku abokansa, kafin abokan hamayya su faɗa da gori. Amma kada ya ji labarin a waya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mahaifiyarsa ta ce tun ranar bai fita ba, ko shagon da yake aiki bai je ba, kuma irin wannan zaman kaɗaicin shi ke mayar da yaro ga abin da ya jefa shi ciki. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ku biyo ta nan, zan sa hulata mu tafi tare. Ni zan yi magana da mahaifinsa kan a kai shi wurin likita, don barin tramol ba a yin sa da ƙarfin hali kaɗai. Ku kuma ku shiga ɗakinsa, ku ce masa atisaye na nan ƙarfe shida na safe kamar kullum, kuma rigarsa mai lamba tara babu wanda zai sa ta har ya dawo.