Darasin Lafiya: Buɗewar Bakin Mahaifa Lokacin Naƙuda

Mata da yawa na tambaya: me ya sa malamar asibiti ke cewa "kada ki yi nishi tukuna" alhali ciwo ya yi tsanani? Amsar tana ga bakin mahaifa.

Bakin mahaifa shi ne ƙofar da jariri zai bi ya fito. Tsawon watannin ciki a rufe yake, kuma wata majina mai kauri ta toshe shi don kada cuta ta shiga. Idan haihuwa ta matso, sai ya yi laushi, ya gajarce. Majinar nan takan fita, wani lokaci da ɗan jini kaɗan. Daga nan duk murɗawar da mara ta yi tana ƙara buɗe shi.

Ana auna buɗewar da santimita, daga 0 zuwa 10. Ku karɓi rular yaranku ta makaranta ku ga tsawon santimita 10. Sai ya kai nan kan jariri zai wuce.

Daga farko zuwa santimita 5 abin a hankali yake tafiya, musamman a haihuwar fari. Daga 5 zuwa 10 ciwo yakan zo kusa da kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan mataki na biyu bai saba wuce awa 12 ga mai haihuwar fari ba, ko awa 10 ga wadda ta taɓa haihuwa.

Ba a gane buɗewar da ido, ba a kuma gane ta da zafin ciwo. Shi ya sa malama ke sa safar hannu ta duba da yatsu, kusan bayan kowace awa 4. Haƙƙinki ne ta nemi izininki kafin ta taɓa ki, a saki labule, a kuma faɗa miki inda aka kai. Idan kina so mace ce za ta duba ki, ki faɗa.

Abubuwa uku da za a guje wa:
1. Nishi kafin ƙofa ta gama buɗewa. Bakin mahaifa na iya kumbura ko ya yage, ke kuma ƙarfinki ya ƙare.
2. Jiƙe-jiƙen gaggauta naƙuda da danna ciki.
3. Yankan gishiri. Ba ya buɗe bakin mahaifa, yana jawo zubar jini da yoyon fitsari.

A tafi asibiti nan take idan jini na zuba, ko faya ta fashe, ko ruwan ya fito kore, ko jariri ya rage motsi, ko akwai zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, duhun gani ko jijjiga. Haka ma idan ciwon naƙuda ya fara kafin mako 37. Doguwar naƙuda a cikin ɗaki na iya kashe jariri, ta bar uwa da yoyon fitsari.

Da muna gida, mai cikin fari gidan iyayenta takan koma goyon ciki. A nan wasu ba su da uwa kusa, ga kunya na hana su magana. Maƙwabciya, ki zame mata uwa. Maigida, ka ba da izinin zuwa asibiti tun yau, ko ba ka nan, ka tanadi tocila da wanda zai raka ta cikin dare. Kada a jira gari ya waye.

Allah ya raba lafiya.