Makafin Yariko: Ɗaya Ne Ko Biyu?

 

Wani ɗalibi daga Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, ya aiko mana da tambaya. Ya ce gardama ta haɗa shi da abokin aikinsa Kirista, har ya kafa masa hujja da cewa Linjilar da ke hannunsu ta saɓa wa kanta game da makahon da Annabi Isa, alaihissalam, ya warkar, saboda haka labarin ƙarya ne. Yana tambaya ko ya yi daidai.

To, ɗan'uwa, rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa akwai hatsari a ciki.

Saɓanin yana nan, kowa na iya dubawa, domin tun 1932 aka buga littafin nasu gaba ɗaya da Hausa. Matiyu, a sura ta 20, ya ce makafi biyu ne, kuma abin ya faru sa'ad da Annabi Isa ke fita daga garin Yariko. Markus, a sura ta 10, ya ambaci makaho ɗaya, har ya faɗi sunansa, watau Bartimawas. Luka kuwa, a sura ta 18, ya yarda ɗaya ne, amma ya ce a kan hanyar shiga garin ne. Haka nan labarin Yayirus: a wajen Markus ya zo yana roƙo 'yarsa tana bakin mutuwa, a wajen Matiyu kuwa ya zo ta riga ta cika.

Malamansu sun daɗe da sanin wannan. Augustine, babban malaminsu na Arewacin Afirka, ya rubuta littafi wajen shekara ta 400 don daidaita ruwayoyin. Amsar da suka saba bayarwa ita ce makafin biyu ne, Markus ya ambaci wanda aka fi sani. Wasu kuma suka ce Yariko biyu ce, tsohuwa da sabuwa, mai fita daga wannan yana dosar waccan.

Kafin mu yi musu dariya, mu tuna mu ma muna da wannan fanni, shi ne Mukhtaliful Hadisi. Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira, ya yi rubutu a kansa, haka ma Ibnu Ƙutaiba. Dubi hadisin raƙumin Jabir, Allah ya yarda da shi, wanda Manzon Allah ya saya a kan hanyar komawa Madina. Maruwaita sun saɓa a kan kuɗin, wani ya ce uƙiya ɗaya, wani ya ce dinari huɗu. Bukhari da kansa ya jero ruwayoyin, ya rinjayar da uƙiya. Ba mu ji malamin da ya ce tun da an saɓa a kan kuɗi, ai ba a yi cinikin ba. Wanda ya ce ya ga ɗaya bai ƙaryata wanda ya ga biyu ba, sai fa in ya ce ɗaya tak. Mudun da muke auna namu da shi, da shi za mu auna na wani.

Amma batun shiga da fita, da batun 'yar Yayirus, a ganina daidaitawar tana da ƙaƙale a ciki. Nan ne bambancin yake: Bukhari ya iya rinjayarwa ne domin yana da isnadi, ya san wa ya ji daga wa. Waɗannan littattafai huɗu kuwa da Girkanci suka iso, ba su ɗauke da sarƙar maruwaita irin tamu, kuma yawancin masu bincike na Turai sun ce an rubuta su shekaru da dama bayan zamanin Annabi Isa. Ibnu Hazam na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tsawaita bayani a kan irin wannan saɓani cikin littafinsa Alfisal.

Hatsarin kuwa shi ne kalmar da ka furta, cewa labarin ƙarya ne. Alƙur'ani Mai girma, a Suratu Ali Imrana aya ta 49 da Suratul Ma'ida aya ta 110, ya tabbatar Annabi Isa ya warkar da wanda aka haifa makaho, da mai albaras, ya kuma rayar da matattu, duk da izinin Allah. Wanda zafin gardama ya kai shi ga yi wa mu'ujizar kanta ba'a, ya taɓa imaninsa bai sani ba. Abin da ya raba mu da su shi ne wannan izini: mu mun ce bawa ne kuma Manzo wanda Allah ya gudanar da aya a hannunsa, su kuwa sun ɗauki warkarwar shaidar allantaka. Amma ko Yariko ce, ko makaho nawa ne, Alƙur'ani bai faɗa ba, kuma ya inganta cikin Bukhari cewa irin wannan labari na Ma'abuta Littafi ba a gaskata shi, ba a kuma ƙaryata shi.

Saboda haka ka koma wurin abokinka ka janye wannan kalma, ka bar masa tambayar isnadi. Wallahu a'alamu.